Yadda na koyi duba haƙoran kamfani kafin in biya

A shekarar 2018 na ɗauki adashi, jaka 400 cif, na rantse ba za su tafi a biki da suna ba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Damagaram, don haka na ɗauka lissafin kuɗi ba zai gagare ni ba. Wani abokin aiki ya saka ni cikin zauren WhatsApp na masu sayen hannun jari a BRVM, kasuwar da ke Abijan wadda ta fara aiki a 1998, take kuma yi wa ƙasashe takwas na yankin sefa hidima, har da Nijar. Mutum ba ya saye da kansa, sai ta hannun dillalan da aka ba lasisi, waɗanda ake kira SGI. Na aika takarduna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, aka buɗe mini asusu.

A zauren kowa gwani ne. Aka yi ta zuga wani kamfani mai fitar da amfanin gona ƙasashen waje, wai rabon ribar da ya yi a shekarar ya kai a mayar da kuɗin mutum cikin 'yan shekaru. Ban buɗe takardarsa ko ɗaya ba, na zuba rabin kuɗina. Shekara ta zagayo, farashin kayan da yake sayarwa ya faɗi a kasuwar duniya, ribarsa ta tsuke, rabon ya koma abin da bai taka kara ya karya ba, hannun jarin ma ya bi su ƙasa. Gwanayen zauren kuwa sun riga sun koma zuga wani.

Kawuna, wanda ya tsufa a cinikin dabbobi, shi na kai wa kuka wani maraice a ƙofar gidansa a Birni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, ka buɗe bakinsa kafin ka biya?" Na ce, "Kawu, ai ba rago ba ne." Ya ce, "To cinikin biri a sama ka yi ke nan." Shi ba ya sayen rago sai ya duba haƙora, ya taɓa gadon baya, ya ƙiyasta nama nawa zai yi bayan wata uku a turke da kuɗin dusar da zai ci. Sai ya yanke kuɗinsa a zuci kafin ya tambayi mai dabba nawa. Kuma ba a jajibirin Sallar layya yake saye ba, a tsakiyar rani yake saye, lokacin da ciyawa ta ƙare, makiyayi ya matsu.

Daga baya na ga abin nan a rubuce, cikin fassarar Faransanci ta littafin da Benjamin Graham ya fitar a Amurka a 1949. Graham ya koyar a jami'ar Kolombiya, kuma Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ɗalibinsa ne. Gundarin maganarsa bai wuce na Kawu ba: farashi daban, daraja daban. Ka ƙiyasta darajar kamfani daga abin da yake samu da abin da ya mallaka, sannan ka saya ƙasa da haka sosai, don ko lissafinka ya yi kuskure ratar ta rufa maka asiri.

Wahalar ita ce ina za a samu haƙoran a duba. Na ɓata watanni ina bin masu sharhi a Facebook kafin in gane cewa abin da nake nema yana ajiye kyauta a shafin BRVM. Kowace ranar ciniki suna fitar da takardar farashi mai suna BOC, inda ake ganin farashin kowane kamfani, yawan hannayen da aka sayar, da rabon ribarsa na ƙarshe. A shafin ne kuma kamfanoni ke ajiye lissafinsu na shekara, galibi wajen watan huɗu, da rahoton wata uku da na wata shida. SGI ɗina ma kan turo nazari, ina karantawa, amma ina tuna cewa da na saya da na sayar, dillali yana da la'adarsa. Wasiƙun da Buffett ya riƙa rubuta wa masu jari a kamfanin Berkshire Hathaway kowace shekara su ma kyauta ne a intanet, sai dai Turancin Ingilishi ne, ni kuwa nawa na Kasuwar Dole ta Damagaram ne, da ƙamus nake rarrafawa.

Yanzu ga abin da nake yi, da littafi mai layi da biro, in yara sun yi barci. Ina rubuta ribar kamfani ta shekara biyar a jere, in fitar da matsakaici. Nan ne na yi kuskure a 2018: na auna gona da damina ɗaya mai albarka. Sai in raba matsakaicin da yawan hannayen jari. In hannu ɗaya jaka 10 ne, ribar da ta faɗo masa jaka 1 a shekara, to shekara 10 kamfanin zai yi kafin ya samo kuɗin da na biya. Wannan lambar ce ake kira PER. Ƙaramar lamba tana jan ido, amma araha ba ta ado, wani lokaci ragon da ya yi arha ciwo gare shi. Shi ya sa nake daɗewa a kan bashi: nawa ake bin kamfanin, nawa shi ma yake bin mutane bai karɓo ba. Duk wanda ya taɓa riƙe tireda ya san ribar da ke cikin littafin bashi ba ta sayen hatsi. In riba tana hawa a takarda alhali tsabar da ke shigowa ba ta motsi, nakan rufe shafin.

Akwai waɗanda ba na ko auna su. Kasuwar cike take da bankuna, har da BOA Nijar, akwai kamfanin giya da na taba. Na tambayi malaminmu na zaure a kan kuɗin ruwa, na zaɓi in tsaya ga masu sana'ar da zuciyata ta natsu da ita, irin sadarwa da kayan masarufi. Zaɓina ya ragu ƙwarai, amma aikin karatun ma ya ragu.

Kasuwar ta yi ta sauka tun daga 2016 har cikin 2020, zauren namu ya yi tsit, wasu suka sayar da asara suka fita. A wannan rani na kasuwa ne na sayi Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, bayan na yi mako uku a kan takardunsa. Kaɗan-kaɗan na saya, don a BRVM wata rana sai ka sa oda ta kwana ba wanda ya taya, kuma farashi ba ya wuce kashi 7.5 cikin 100 sama ko ƙasa a yini ɗaya. A 2021 kasuwa ta farfaɗo, gwanaye suka dawo da surutunsu.

Wancan kamfanin na farko har yau yana hannuna. Da na yi masa lissafin shekara biyar na ga ba mataccen rago ba ne, tsada kawai na saye shi. Da rabon bara ya shigo na kai wa Kawu goro da turmin shadda. Ya jujjuya shaddar, ya murza bakinta da yatsa, ya tambaye ni nawa na biya.