Rigimar masu shafi da masu manhaja kan RSS da API

Da yawa daga cikin shafukan labarai na Hausa da ake gudanarwa daga Kano a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina su, kuma WordPress da kansa yake fitar da RSS, wato jerin sabbin labaran shafi a tsarin da wata manhaja za ta iya ja ta karanta. Ka ƙara /feed/ a ƙarshen adireshin, sai sabbin labarai goma su bayyana. Daga nan rigimar take tashi. Matashi ya haɗa manhajar Android mai jan labaran, ko farashin hatsi na Dawanau, ko canjin dala na Wapa, ya ɗora nasa tallan a kai. Mai shafi ya ce sata ce, mai manhaja ya ce a buɗe ya tarar.

Atamfar da aka baza a bakin shago a Kantin Kwari ma a buɗe take, amma da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare rubutun wakili da hoton da ya ɗauka. Idan kuma bayanan sun ƙunshi sunaye da lambobin wayar mutane, an shiga hurumin dokar kare bayanan sirri ta 2023.

Sai dai ba doka ce ke fara harzuƙa mai shafi ba, nauyi ne. A ce manhaja tana da mutum 5,000, kowace waya tana tambayar shafin kai tsaye sau ɗaya a minti. Buƙata miliyan 7.2 ke nan a rana, a kan ƙaramar sabar da ake biya wata-wata, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Shafin zai yi ta jan ƙafa, kamfanin da ke ɗauke da shi ya dakatar da shi, mai shafi bai ma san dalili ba. Gyaran ba shi da wuya. Mai manhaja ya ajiye tasa sabar a tsakiya, ita kaɗai za ta ja bayanan duk minti 15, wato sau 96 a rana, wayoyi su karɓa daga wurinta. Ya riƙa tura ETag ko If-Modified-Since, alamomin da ke nuna wa shafin abin da aka riga aka karɓa, don idan babu sabon abu shafin ya amsa da lambar 304 kawai, wato babu canji. Ya sa sunan manhajarsa da imel a User-Agent, layin da manhaja ke gabatar da kanta ga shafin, don a san wa za a nema. Hotuna kuma kada ya jawo su kai tsaye daga sabar mai shafi, domin mai shafin ne ke biyan kuɗin kowane buɗewa.

Wanda ya fi damuna shi ne tsohon bayani. Idan jan ya tsaya, manhaja takan ci gaba da nuna farashin buhun masara na shekaranjiya da sunan shafin a jiki. Ɗan kasuwa ya yi ciniki a kai, ya yi asara, ya zagi wanda bai ji ba bai gani ba. Dole kowane farashi ya fito da ranarsa da lokacinsa.

Ko izinin ma ana janye shi. A farkon 2023 Twitter ya toshe Tweetbot da Twitterrific, manhajojin wasu da ke jan bayanansa ta API, wato ƙofar da kamfani ke buɗe wa manhajoji, ba tare da gargaɗi ba. A shekarar kuma dandalin tattaunawa na Reddit ya sa kuɗi a kan nasa API, santi 24 na dalar Amurka kan buƙatu 1,000. Christian Selig, mai manhajar Apollo da ake karanta Reddit da ita, ya ce hakan zai ci masa kusan dala miliyan 20 a shekara, ya rufe ta ranar 30 ga Yuni. Shi ya sa "ai mun yi magana da Alhaji a waya" ba ya isa. A rubuta, ko da a takarda ɗaya ce: sau nawa za a ja, cikakken labari ko gutsure, ina za a sa mahaɗin komawa shafi, wa ke da kuɗin talla, kwana nawa za a ba da kafin a yanke.

Masu shafi ma da nasu. Wanda ba ya son a kwashe labarinsa gaba ɗaya, ya shiga saitin karatu na WordPress ya mayar da RSS zuwa gutsure. Ya rubuta sharuɗɗansa a fili. Wanda ya wuce iyaka a amsa masa da lambar 429, mai nufin buƙatu sun yi yawa, ya san ya yi yawa, maimakon a toshe shi shiru. In za a sauya tsarin bayanan, a sanar da masu manhaja wata guda kafin nan, a bar tsohon adireshin yana aiki har su kammala gyara.