Yaron da ke kifa kai a bayan aji

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san irin yaron nan, wanda yake zama can layin baya ya kifa kai a kan tebur, an yi masa magana ya ɗago da jajayen idanu, an juya ya sake kifawa. Ko yarinyar da a da ita ce farkon ɗaga hannu, yanzu ko sunanta aka kira sai an maimaita. Abin da muka saba cewa shi ne lalaci, ko taurin kai, ko "yaran yanzu sai a hankali", sai a ba shi hukunci a wuce wurin. Alhali labarin zuciya a tambayi fuska, wallahi da yawansu ba lalaci ba ne, wani bai yi barci ba saboda faɗan iyaye har tsakar dare, wani mahaifiyarsa ce ba lafiya shi ke jinya, wata kuma akwai masu cin zalinta a waya kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba su ne kan gaba, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin shekara 14 suke somawa. Ka lissafa da kanka a aji mai mutum 35. Kashe kai ma yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa masu shekara 15 zuwa 29, abin ba daɗin faɗa amma haka yake. To ina ne wurin da yawancin matasa suke zuwa kullum, manya suna ganinsu awa shida ko bakwai? Makaranta ce. Shi ya sa nake ganin a nan ya kamata a sa ƙarfi.

Amma fa ba kowane shiri ne yake aiki ba, nan ne nake son mu tsaya sosai. A Birtaniya an yi wani babban gwaji mai suna MYRIAD, sakamakonsa ya fito a 2022, ɗalibai sama da 8,000, aka koya wa kusan rabinsu darussan natsuwa da lura da numfashi a cikin aji. Kowa ya sa rai, amma da aka duba sai aka ga bai fi koyarwar da aka saba ba, yawancin yaran ma ba sa yin atisayen a gida, wasu sun ce gundurarsu yake yi. Ni abin bai ba ni mamaki ba sam. Yaron da yake tsoron komawa gida da yamma, ka ce ya rufe ido ya ja numfashi minti goma, ya buɗe ido matsalarsa tana nan tana jiransa.

Yanzu dubi abin da ya faru a jihar Bihar ta Indiya, shirin SEHER, wanda aka buga sakamakonsa a mujallar likitanci ta Lancet a 2018. Makarantun sakandare sama da 70 aka raba, wasu aka ba malamin makarantar ya tafiyar da shirin a kan aikinsa na koyarwa, wasu kuma aka ɗauko mutum daban, ba likita ba, ba wani babban masani ba, mutum ne kawai da aka horar, aikinsa kenan ya zauna a makarantar. Akwai akwatin da yaro zai rubuta damuwarsa ya jefa ba wanda ya gan shi, akwai ƙungiyoyin ɗalibai, akwai ganawa ta mutum biyu in yaro yana so. Inda aka sa wannan mutumin ciwon damuwa ya ragu, cin zali ya ragu, yanayin makarantar gaba ɗaya ya gyaru. Inda aka ɗora wa malami kuwa kusan ba a ga canji ba. Kuma ba laifin malaman ba ne, mutum yana da darasi, yana da makin jarabawa, sannan shi ne mai hukunci, ta yaya yarinya za ta kai sirrinta wurin wanda gobe zai ba ta sifili?

Wannan ya yi daidai da abin da Emmy Werner, wata masaniyar halayyar yara a Amurka, ta gano tuntuni. Ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma a cikinsu ɗin ma kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, da aikinsu da iyalinsu. Da aka duba me ya bambanta su, abin da ya yi ta fitowa shi ne akwai wani babba ko da guda ɗaya da ya riƙe su da gaske, kaka ce, ko maƙwabci, ko malami. Juriya ba a haifar mutum da ita a cike, kuma ba ta samuwa ta hanyar ce wa yaro ya daure ya yi shiru, tana ginuwa ne idan yaro ya san akwai wanda zai lura in bai zo ba ranar Litinin.

Ba wai ina cewa darasin aji ba shi da amfani ba ne. A Turai an gwada shirin YAM, na wayar da kan matasa game da lafiyar ƙwaƙwalwa, a ƙasashe 10, awa 5 kacal cikin mako huɗu, yara suna wasan kwaikwayo kan abin da za su yi idan aboki ya ce ya gaji da rayuwa, bayan shekara guda yunƙurin kashe kai ya ragu da kusan rabi. Bambancin shi ne yaran ne suke magana, ba lacca ake musu ba. KiVa, shirin yaƙi da cin zali a makarantu na ƙasar Finland, ma haka, maimakon a tsaya kan mai cin zali kawai sai aka koma kan 'yan kallo, masu dariya da masu kawar da kai, don su ne suke ba shi ƙarfi.

Abu ɗaya da yake ci min rai shi ne yadda wasu makarantu suke ware yara su kira su "masu matsala", a fito da su gaban kowa a ce su tafi ofishin mai ba da shawara. Dan Allah wane matashi ne zai so haka? Shekarun nan ba abin da yaro yake tsoro kamar abokansa su yi masa dariya. Gara ƙofar ta zama a buɗe ga kowa, mai ƙoƙari da mara ƙoƙari, ta yadda shigarta ba za ta zama abin kunya ba. Sannan batun sirri, in yarinya ta faɗi magana yau gobe ta ji ta a ofishin malamai to an gama, ba ita kaɗai ba, duk ajin ba mai sake zuwa. Tun farko a gaya musu gaskiya, sirrinka yana nan sai dai in rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, a nan dole a nemo iyaye ko likita. Kuma makaranta ta san asibitin da za ta tura yaro da lambar da za ta kira tun kafin ranar ta zo, don malami ba likita ba ne, bai kamata a bar shi shi kaɗai da yaron da ya ce masa yana tunanin kashe kansa ba.