Ranar da na fara kashe inji saboda azahar

Ni dai sana'ata casar shinkafa ce, ina da inji biyu a wani ƙauye kusa da Kura, yara 6 ne ke aiki a hannuna banda 'yan dako. Duk wanda ya san yankinmu ya san albarkar ruwan Tiga, rani da damina shinkafa ba ta yankewa, to aiki kam akwai shi, amana ce ta yi mana wuya.

A da mata masu gumi, wato masu turara shinkafa, in sun kawo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, zama suke su kasa su tsare, ko nan da can ba sa matsawa har a gama, don an sha yi musu ƙwange, kwano ɗaya nan rabi can, tsakin ma a ɓoye. Na yi faɗa har na gaji, na sallami yara biyu, abin na nan yadda yake.

Wani dattijo ne a majalisarmu ya ce min, Alhaji kai ka tafi masallaci ka bar su suna salla a gurguje inji na ta ruri, kuɗin aikinsu kuma sai ran da ka ga dama, to ta wace ƙofa tsoron Allah zai shigo? Ya tuna min hadisin nan na a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Wallahi ranar barci sai ɓarawo.

Tun daga nan ana kiran azahar ake kashe inji ko buhu nawa ne a layi, la'asar ma haka, mu yi jam'i a rumfa, wanda ya fi karatu shi ke ja, kuma ƙaramin cikinsu ne don ya yi allo sosai, ni ina sahu a bayansa kafaɗa da kafaɗa da mai share buntu. Kuɗi kuma kullum kafin magariba kowa ya ji nasa a aljihu. Da azumi daga asuba muke farawa mu tashi da wuri, ƙurar buntu da ƙishirwa ba sa haɗuwa.

Ba wai sun zama waliyyai ba ne, har yau akwai mai makara. Amma yanzu matan nan ajiye kaya suke su koma gida, da yamma su aiko a ɗauka. Wancan satin ma ɗaya daga cikin yaran ya same ni da tsaki wajen kwano biyu ya ce, Baba wannan na matar nan ne ta Bunkure, an manta ba a haɗa mata ba. Na ba shi makullin mashin ya kai mata har gida.