Kwalba biyu, suna ɗaya

Na san yawancin masu karatu ba sa shan giya, wasu ko warinta ba sa so. Ni Kirista ne, a Jos na tashi, a unguwar da ake dafa burukutu gida biyu daga namu, kuma nakan ɗan taɓa jefi-jefi. Ba tallar giya zan yi ba. Labarin yadda na ji kunya a gaban wani tsoho ne, a birnin Louisville na jihar Kentucky, inda nake aikin jinya.

Tsohon maƙwabcina ne, Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Wata ranar Asabar ya kira ni in taya shi kwashe tarkace daga ɗakin ƙarƙashin gidansa. A bayan wasu gwangwanayen fenti muka ci karo da kwalbar wiski da ba a taɓa buɗewa ba, mai hoton jajayen furanni huɗu, an rubuta Four Roses. Ya share ƙurar da hannun riga ya ce ta mahaifinsa ce. Sai ya nuna min yadda ake gane shekarunta. Akwai wata siririyar takardar haraji da aka manna a kan murfin, wadda gwamnatin Amurka ta daina wajabtawa a 1985. Sannan ba a rubuta awon da mililita ba, da tsohon ma'auninsu aka rubuta, ga shi kuwa daga 1980 kwalaben barasa suka koma mililita 750. Ke nan kwalbar ta haura shekara 40.

Ni kuwa sai na hau zuzutawa. Na san Four Roses na yanzu, na san masana suna yabonsa, to ina ga na shekara 40? Har da kawo masa karin maganarmu, cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ba shi shawara kada ya buɗe, ya nemi masu saye. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, juya ka karanta ƙananan rubutun."

A jikin takardar an rubuta cewa wiskin surki ne, kuma fiye da rabinsa tsurar barasar hatsi ce. Ban san me hakan ke nufi ba a lokacin. Dokar Amurka ta yarda a kira abu wiskin surki muddin kashi 20 cikin 100 nasa wiski ne na ainihi wanda ya kwana a ganga. Sauran kashi 80 ɗin ana iya cikawa da barasar da aka tace har ta rasa ƙamshi da ɗanɗano, a ɗan sa mata launi. Burbon kuwa, irin wiskin da Kentucky ke taƙama da shi, wanda Four Roses na yanzu ke cikinsa, sharuɗɗansa masu tsauri ne: masara ta kai aƙalla kashi 51 na hatsin, a zuba shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, kuma ba a ƙara masa komai sai ruwa. Abu na biyu da ya gyara min shi ne batun tsufa. Wiski a cikin ganga yake nuna, domin daga jikin itace yake tsotsar launi da ƙamshi. Ranar da aka ɗura shi a kwalba ya tsaya cak. Ko shekara 100 ya yi a ɗakin ƙasa, ɗan shekara huɗu yana nan ɗan shekara huɗu.

Muka yi alkawarin ba za mu buɗe ba sai mun je inda ake yin na yanzu. Bayan mako biyu na tuƙa mu zuwa Lawrenceburg, tafiyar kamar awa ɗaya. Masana'antar tana bakin kogin Salt, ginin 1910 ne, fenti ruwan ɗorawa, irin fasalin tsofaffin majami'un Sifaniyawa, sam bai yi kama da sauran gine-ginen yankin ba. Ina shiga ɗakin da ake tsima hatsi na tsaya. Warin gidan burukutu ne sak, wannan tsami-tsamin mai ɗumi, da kumfa tana tasowa tana fashewa a saman manyan kwatarniyoyi. Asalin aikin ɗaya ne: a dafa hatsi, a sa tsiro ya mai da sitaci sukari, yis ya ci sukarin. Mu da tsiron dawa, su da tsiron sha'ir. Inda hanya ta rabu shi ne su suna ɗora ruwan a wuta su kama tururinsa, sannan su kulle shi a ganga shekaru, mu kuwa a ranar ake shanyewa kafin ya lalace.

Mai zagayawa da mu ta ba da labarin da kamfanin ke so, wai wanda ya kafa shi, Paul Jones, ya nemi auren wata, ta zo wurin rawa da furanni huɗu a ƙirji alamar ta amince. Baba ya raɗa min cewa kowace masana'anta a Kentucky tana da tatsuniyarta. Abin da ke rubuce dai shi ne an yi wa sunan rajista a 1888. Da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, kamfanin yana cikin shida da aka ba lasisin sayar da wiski a matsayin magani, sai da takardar likita. Wannan ne ya sa da aka ɗage haramcin sunan yana nan a bakin mutane, har ya shiga sahun gaba a kasuwa, da ƙaton allon talla mai wuta a dandalin Times Square na birnin New York.

A 1943 kamfanin barasa na Seagram na Kanada ya saye shi. Seagram gwanayen surki ne, da shi suka yi arziki. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an ɗauke burbon ɗin daga kasuwar Amurka, ana kai shi Turai da Japan, 'yan gida kuma aka bar musu surki a ƙarƙashin suna ɗaya. Shekara arba'in da ɗoriya aka yi a haka. Mutumin Tokyo yana shan Four Roses a matsayin abin alfarma, mutumin Kentucky da ake dafa shi a bayan gidansa ya san shi a matsayin giyar 'yan kwalta, ta can ƙasan kanta. Wannan ya fi komai tsaya min a rai. Duk wanda ya taso inda ake fitar da mai kyau waje a bar wa 'yan gida tsaki ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Da Seagram ya wargaje, kamfanin Kirin na Japan ya sayi Four Roses a 2002. Babban mai dafawa a lokacin, Jim Rutledge, wanda ya fara aiki da Seagram tun 1966, ya daɗe yana naci a dawo da burbon ɗin gida. Aka daina surkin. A 2004 suka fito da na ganga guda, a 2006 na haɗin 'yan gangogi kaɗan. Wani abin dariya shi ne har yanzu haɗi suke yi, kuma gadon Seagram ne. An nuna mana tsarin hatsi iri biyu, ɗaya masara kashi 60, hatsin rai 35, sha'ir 5, ɗayan masara 75, hatsin rai 20, sha'ir 5, da yis iri biyar. Biyu sau biyar, burbon iri goma, su ake cuɗawa a lokacin a fitar da ɗanɗanon da ake so. Ashe laifin ba a haɗawa yake ba. Mai haɗa turare ma haɗi yake yi. Tambayar ita ce me aka haɗa da me.

Da daddare a ɗakin girkin Baba muka jera kofi huɗu. Na fara da kuskure, na cusa hanci cikin kofin na yanzu na ja numfashi da ƙarfi, hawaye suka zubo, domin na ganga guda ƙarfinsa kashi 50 ne. Ya ce in ɗan buɗe baki yayin shinshinawa, in ɗiga ruwa kaɗan, in jira. Sai ƙamshin ya fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya: zuma, alewar madara da ta ɗan ƙone a tukunya, wani abu kamar busasshen dabino, can baya kuma kirfa da ƙanumfari. A harshe yana da kauri, yajin hatsin rai yana bi ta gefe kamar masoro a kunu, kuma bayan an haɗiye yana daɗewa bai tafi ba.

Murfin tsohuwar kwalbar ya yi gardama kafin ya buɗe. Launin ya fi haske. Ƙamshin ɗan banila ne da wani wari-wari na tsohon kabad. A baki ba zafi, ba ɗaci, ba kuma wani abin kamawa, kamar shayin da aka maimaita ganyensa karo na uku. Kafin ka ce ga shi ya wuce. Na yatsine fuska na ce wannan ai algus ne.

Baba bai ji daɗin kalmar ba da na fassara masa. Ya ce algus ɓoyewa ake yi, wannan kuwa an rubuta a jiki, ni ne ban karanta ba. Ya ce mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, bai taɓa zama yana shinshina kofi yana neman dabino ba. Ranar Juma'a in an biya albashi yakan sayi wannan don shi aljihunsa ke ɗauka, kuma ba a shansa tsura. Ya tashi ya ɗauko ƙanƙara da lemon citta mai gas, ya zuba a dogon kofi ya miƙo min. A haka kuwa ya zauna daidai. Rashin kaurin da na raina shi ne ya bar cittar ta fito. Na gwada haɗa na yanzu haka, sai suka yi ta kokawa a baki, na yi asarar mai tsada.

Kwalbar da na sayo a Lawrenceburg na bar masa, har yau ba ta kai rabi ba. Ta mahaifinsa kuwa ta ƙare kafin Kirsimeti, ya wanke ta ya ajiye a kan taga.