Aikatau da abin da ke bin bayansa: inda na kai a karatun Turanci

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan karatu. Mun yi da ku cewa kowa zai riƙa faɗin inda ya kai, to ga nawa.

Tun bayan babbar sallah na ajiye haddar kalmomi ɗai-ɗai. Yanzu idan na ci karo da sabon aikatau a jarida, ko a saƙon WhatsApp na masu kawo mana kaya daga Legas, ba na rubuta shi shi kaɗai. Sai na haɗa shi da abin da ya biyo bayansa a jimlar. A littafina ba za ku ga enjoy tsura ba, sai enjoy reading. Ba za ku ga decide ba, sai decide to go. Na lura cewa sanin ma'anar aikatau rabin aiki ne, domin kowannensu yana da irin abin da yake yarda ya bi shi, kamar kan caja da bakin waya: in ba nasa ba ne, ko ka danna ba zai shiga ba.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne tuna cewa mu ma haka harshenmu yake. Muna cewa "na saya", "na sayi shinkafa", "na saye ta". Aikatau ɗaya ne, amma wasalin ƙarshe yana sauyawa gwargwadon abin da ya biyo baya, kuma yaron da bai shiga firamare ba ma ba ya kuskurensa. Wani malamin jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya kasa aikatan Hausa rukuni bakwai a 1960, har yau ana koyar da su a sashen Hausa. Wanda ya tashi da wannan a bakinsa bai kamata tsarin Turanci ya razana shi ba.

Rukuni biyu na fara da su. Akwai masu ɗaukar -ing, irin su enjoy, avoid, finish, mind da keep. Akwai masu ɗaukar to, irin su want, decide, hope, promise da refuse. An ce mana masu to sun fi karkata ga abin da bai faru ba tukuna, wato niyya ko fata. Wannan ya taimaka min, amma kada ku jingina da shi gaba ɗaya. Suggest ma ai shawarar abin da za a yi nan gaba ce, duk da haka ba ya karɓar to. Ana cewa I suggest waiting, ko I suggest that you wait. Shi kuwa I suggest you to wait, da ake yawan ji a bakin mutane, ba ya cikin daidaitaccen Turanci.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi jin daɗi, shi ne aikatan da ke karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya. Ka hau keke daga Kawo za ka Kasuwar Gumi, direba ya ratse gidan mai. Wannan shi ne he stopped to buy fuel, ya tsaya domin ya sayi mai. Idan kuwa ka ce he stopped buying fuel, ka ce ya daina sayen mai ke nan, wataƙila ya mayar da kekensa mai amfani da gas. Haka remember yake. Remember to lock the shop tuni ne ake maka, ba ka kulle shagon ba tukuna. I remember locking the shop kuwa ka riga ka kulle, yanzu kana tuna lokacin da ka yi. A harkar kasuwa wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Saƙo ɗaya zai iya sa wanda kuke hulɗa da shi ya ɗauka ka daina sayen kayansa, alhali ba haka kake nufi ba. Su start da begin ba su da wannan rigima, ko wanne ka sa ma'ana kusan ɗaya ce, don haka ban ɓata lokaci a kansu ba.

Sai wanda Hausa ke jan mu zuwa gare shi. Muna cewa "ina so ka zo", sai harshe ya nemi I want that you come. Su kuwa I want you to come suke cewa: mutumin a tsakiya, sannan to. Ask, tell, advise da allow duk haka suke tafiya. Make da let ne suka fita daban, ba sa son to ko kaɗan: she made me wait, let me see. Amma a wajen make, da zarar an juya jimlar, aka sakaya wanda ya yi aikin, sai to ya dawo: I was made to wait. A nan Kaduna za ku ji allow him go ko enable us do a rediyo da wajen taro. Ba na raina mai faɗin haka, kowa ya fahimci abin da yake nufi. Sai dai ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO su sani cewa a takardar jarrabawa allow him to go ake nema.

Wata 'yar uwa ta tambaya a zamanmu na Tudun Wada me ya sa ake rufe wasiƙa da I look forward to hearing from you, ga to ga kuma -ing. Gwajin da nake yi shi ne in sa suna bayan to ɗin. I look forward to Sallah ya zauna daidai, to wannan to ɗin irin wanda ke zuwa kafin suna ne, shi ya sa aikatau bayansa ke ɗaukar -ing. I want to Sallah kuwa bai zauna ba. Ku gwada da used to a jimlar I am used to, za ku ga haka.

Shawarata ita ce ku riƙa karanta ƙananan alamomin da ke cikin ƙamus, ba ma'ana kawai ba. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, shi ya tsara ƙamus na masu koyo da Oxford ta buga a 1948, kuma ya kasa aikatau zuwa tsari 25. Bugun yanzu sun sauƙaƙa, sai ka ga an rubuta tell sb sth ko explain sth to sb, inda sb ke nufin mutum, sth kuma abu. Daga nan na gane dalilin da ya sa tell me ya yi daidai amma explain me bai yi ba.

Abin da ya rage min shi ne say da tell, da kuma aikatan da muke liƙa wa kalmar da ba sa buƙata, kamar discuss about. Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da jimloli uku na suggest daga harkarsa ta yau da kullum, mu duba su tare.