Ranar da wata ɗaliba ta ƙure ni da garin gero

Shekarata ta farko da fara koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, gaskiya abun da nake yi kawai in shiga aji in cika allo da rubutu yara su kwafa, in ce kun gane? su ce eh malam, in kakkaɓe alli in kama gabana. Akwai wani ɗaki a makarantar da ake ce masa lab amma in ka leƙa ba komai ciki sai karyayyun benci da wani tsohon sikeli da ƙura ta binne, to da wannan nake fakewa, duk wanda ya yi min magana sai in ce ai ba kayan aiki.

Da muka iso darasin canje-canjen da ke samun abubuwa sai na ba su ƙa'idar da nima aka haddatar da ni. Canji iri biyu ne, akwai wanda ke tsayawa a siffa, akwai na sinadari mai taɓa asalin abu. In ana iya mayar da abu yanda yake to na siffa ne, kaman ƙanƙara ta narke ka mayar firij ta sake daskarewa, in ba a iya mayarwa na sinadari ne, kaman kara ya ci wuta ya zama toka. Ina cikin jin daɗin kaina sai wata yarinya can layin baya wadda ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu.

"Malam, in an kai gero inji an niƙa, ana iya mayar da shi gero?"

Na ce a'a.

"Kenan niƙa canjin sinadari ne?"

Wallahi sai da na ji zufa a ƙeyata. Na san amsar a'a ce, amma ƙa'idar da ke kan allo da rubutun hannuna cewa take eh. Sai na yi irin dabarar nan tamu ta malamai, na ce tambaya ce mai kyau, kowa ya je ya yi tunani a kai aikin gida ne. Alhali ni ne mai aikin gidan.

A daren ranar na gane cewa maganar mayarwa ɗin nan ƙa'ida ce mai ɗingishi. Garin gero har yanzu gero ne, an dai farfasa shi, fasasshen tulu ma ba ya komawa amma yumɓunsa na nan. Tambayar da ya kamata tun farko in ba su ita ce, wani sabon abu ya fito wanda da babu shi? Toka ba kara ba ce, tsatsa ba ƙarfe ba ce, madarar da ta kwana ta zama kindirmo tsamin nan wani sabon abu ne da ƙwayoyin halitta suka samar daga sukarin da ke cikin madarar. Kashegari na shigo da kyandir na kunna a gabansu, wanda ya narke ya gangaro ya daskare a gefe kyandir ne har yanzu, wanda wuta ta ci kuwa ya tafi ya zama iska da tururin ruwa, ga canji biyu a abu ɗaya. Na kuma faɗa musu a fili cewa jiya ita ce da gaskiya ni na yi kuskure, abun da na zata zai zubar min da girma, amma daga ranar hannuwa suka fara tashi a ajin.

Inda idona ya buɗe sosai shi ne da muka zo hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe. Wata Asabar ina zaune a tsakar gida ina shirya darasi ina ta fama da sunayen Turanci, Inna na gefe da faifai tana bakace, sai na tsaya ina kallonta, na ga ai kusan duk abun da ke littafin nan yana faruwa a gabana tun ina yaro ban taɓa haɗa su ba. Bakace da shiƙa, dusa ba ta da nauyi iska ta kwashe ta tsaba ta tsaya. Tankaɗe da rariya, gari ya wuce tsaki ya maƙale saboda girman ƙwaya. Rairayar shinkafa a ƙwarya, tsakuwa ta fi nauyi sai ta kwanta a ƙasa, kuma irin wannan dabarar ce masu wanke ƙasar zinare ke yi a Zamfara. Tatar gasara da ƙyalle, a bar ta ta kwanta a tsiyaye ruwan sama. Ruwan toka da ake ɗiga ta tukunya mai huji. Har alif da ake jefawa a randa in ruwa ya yi jirwaye, ya tattaro laka ta dunƙule ta nutse. Na ce Inna kin san abun da kike yi ɗin nan shi nake koyarwa a boko? ta ce to Allah ya kyauta, in haka ne a dinga raba albashin da ni.

Daga nan na daina fara darasin da sunan hanya, nake farawa da tambaya ɗaya tak, abubuwan nan biyu da me suka bambanta? Nauyi ne, ko girma, ko ɗaya na narkewa a ruwa ɗaya ba ya yi, ko ɗaya maganaɗisu na kama shi. In yaro ya samo bambancin shi da kansa zai faɗa maka hanyar. Kuma a nan mata suka yi wa maza fintinkau, ƴan mazan nan masu baki da yawa wani bai ma san bambancin bakace da tankaɗe ba, aka dinga yi musu dariya.

Kayan aikin da na ce babu ashe suna kasuwa da bola. Maganaɗisu daga lasifikar matacciyar rediyo, garin ƙarfe na roƙo wajen mai walda, yashi, gishirin ɗari, robar ruwa da aka yanke ta zama mazurari, kurfoti da gawayi. Na cakuɗa yashi da gishiri da garin ƙarfe na raba musu rukuni rukuni na ce kowa ya fito min da ukun daban. Masu natsuwa suka naɗe maganaɗisu a leda suka fara janye ƙarfen, suka zuba ruwa gishiri ya narke, suka tace yashi ya tsaya a ƙyalle, suka ɗora ruwan a murfin tukunya ya ƙone farin gishiri ya fito, kai ka ga ihu kaman an ci ƙwallo. Na ce musu haka ake samun gishirin Balma a Nijar, sai dai su rana ce ke ƙone musu ruwan a ramuka kafin a yi kantu raƙuma su ɗauko. Wani rukuni kuma garaje ya sa suka fara antaya ruwa kafin maganaɗisu, komai ya zama taɓo, na hana a zubar na ce a ajiye a taga. Bayan kwana biyu garin ƙarfen ya yi jajir da tsatsa, ruwa da iskar oksijin sun yi aikinsu, ga kuma gishiri da ke ƙara wa abun sauri, kuskurensu ya zame mana darasin canjin sinadari kyauta.

Wani abu da na lura da shi, kalma ma tana ɓatar da yaro. Da na ambaci matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, kusan dukansu sun ɗauka wani ƙaton ƙyalle ne ake tace ɗanyen mai da shi tunda matata aka ce. Sai da na zauna na yi bayani cewa dafa shi ake yi ya zama tururi ya hau wata doguwar hasumiya, kowane kashi da zafin da yake komawa ruwa, gas da fetur can sama, kananzir da dizal a tsakiya, kwalta ta rage a ƙasa. Su kuma sunayen Turancin ban yar da su ba tunda da su za a yi jarrabawa, amma sai a ƙarshe nake manna su, bayan hannu ya riga ya taɓa abun.

Canjin sinadarin da ya fi burge su kuwa a marinar Ƙofar Mata ne a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Ana tsamo zane daga ruwan baba yana wani kore-kore, kana tsaye kana kallo iska na bugunsa yana rikiɗa yana zama shuɗi.

Ni ma dai na sake shan kunya sau ɗaya. Na haɗa garin ƙarfe da farar wuta, na nuna musu maganaɗisu na raba su tsaf, na ce to yanzu in na gasa za su zama sabon abu maganaɗisu ba zai ƙara kamawa ba. Muka fita waje saboda warin farar wuta na shaƙe mutum, na gasa a gwangwani ya yi ja ya huce ya zama baƙin dunƙule, na kara maganaɗisu da ƙarfin gwiwata, sai ga shi caraf ya ɗauke shi. Ajin ya kwashe da dariya. Ashe ƙarfen na cika, wanda bai samu farar wutar da zai haɗu da ita ba yana nan a ƙarfensa. Ma'aunin shi ne ƙarfe 7 farar wuta 4 a nauyi, ni kuwa da ido na auna. Sai da muka je lab muka ɗauko tsohon sikelin nan muka goge masa ƙura, yarinyar nan mai tambayar gero ita ta yi awon, har ta ɗan ƙara farar wutar wai don kar a sake jin kunyar malam.