Malamin nasu a ina yake tsayawa?

Ɗakin da muke saita na'urar ji a wurin aikinmu shi ne wuri mafi shiru da na taɓa zama a cikinsa. Bangonsa a lulluɓe yake da soso, ƙofa biyu gare shi, in an rufe har numfashinka sai ya dame ka. A nan na yi shekarata ta farko ina koyon aiki a hannun wani dattijo masanin ji, kuma a nan na fara jin kaina gwani, don kusan duk wanda muka saita wa na'ura da murmushi yake fita. Sai bayan mako biyu ko uku su dawo, fuska ba yabo ba fallasa.

Wannan na'ura ba irin wadda tsofaffi ke maƙalawa a kunne don ƙara sauti ba ce. Kashi biyu ce. Ɗaya sai an yi tiyata a binne shi ƙarƙashin fatar bayan kunne, a zura siririyar waya cikin wani sashe na can cikin kunne mai siffar dodon-koɗi, inda take zungurar jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Ɗayan yana waje, ɗauke da makirufo da batir da 'yar kwamfutar da ke sarrafa sauti, maganaɗisu ne ke manne faifansa da na ciki. Ba sabon abu ba ne: an dasa wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera a Ostiriya a 1977, Graeme Clark ya dasa tasa a Ostareliya a 1978.

Akwai lissafin da malamina ya rubuta mini a takarda ranar farko, na karanta na wuce. Lafiyayyen kunne yana da ƙwayoyin gashi na ciki wajen 3,500 masu miƙa sauti ga jijiya. Wayar kamfanin Cochlear kuwa wuraren taɓa jijiya 22 gare ta, ta Advanced Bionics 16, ta MED-EL tashoshi 12. Kamar a ce a juye Kasuwar Kurmi gaba ɗaya ta bakin mazurari ne. Mutum ɗaya yana magana a ɗaki shiru, mazurarin ya isa. Da hayaniya ta shigo, komai sai ya cakuɗe ya zama kunu. Saboda haka duk saitin makirufo da na rage ƙara, a gaskiyarsa, zaɓi ne na abin da za a zubar kafin a kai ga jijiya. Ni kuwa na yi wata da watanni ina zubar wa mutane abubuwa ban tambaye su wanne suke so ba.

Wadda ta buɗe mini ido yarinya ce 'yar shekara tara. Sanƙarau ne ya tafi da jinta bayan ta riga ta iya magana, ciwon da duk wanda ya girma a Arewa ya san ɓarnarsa lokacin zafi. Mahaifiyarta ta zauna ta ce, "Likita, a gida tana ji. A boko ma da dama-dama. Amma a islamiyya kamar ba ta sa komai ba, kullum sai ta dawo da kuka." (Ni ba likita ba ne, amma na gaji da gyarawa.) Na duba kwamfuta, komai daidai. Na ƙara mata ƙarfin sauti, na sallame su. Suka dawo, abin ya ƙara muni, yanzu har da ciwon kai.

Malamina yana gefe yana shan shayi. Bai ko kalli kwamfutar ba, ya ce, "Hajiya, malamin nasu a ina yake tsayawa in yana biya musu?"

Ta ce, "Ai ba ya tsayawa, ranka ya daɗe. Zagayawa yake yi, yawanci ma a bayansu yake, don ya ga mai wasa."

Nan take kunya ta rufe ni. Yawancin na'urorin yanzu makirufo biyu gare su, ɗaya gaba ɗaya baya, tazararsu ba ta kai faɗin ɗan yatsa biyu ba. Sautin da ya taho daga gaba yakan riga isa na gaba da ɗan ƙiftawa, na baya kuma akasin haka, da wannan bambancin ne kwamfutar ke gane inda sauti ya fito, ta danne na baya ta bar na gaba. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Beam da Zoom da ForwardFocus a wajen Cochlear, UltraZoom a wajen Advanced Bionics. A ɗakinmu, lasifikar magana a gaba take, ta hayaniya a baya, don haka da na kunna wa yarinyar wannan tsarin makinta ya yi sama, ni kuma na mayar da shi shirinta na kullum, wato saitin da na'urarta ke aiki da shi a ko'ina, ina ta jin daɗi. A islamiyya fa? A gabanta yara talatin ne ke rera karatu da iya ƙarfinsu, muryar da take nema kuma tana bayan ƙeyarta. Na umarci na'urar ta ɗauki malam a matsayin hayaniya, ta kuwa yi biyayya.

Za a ce ai akwai na'urorin da ke sauya shiri da kansu. Akwai. Tun 2013 Cochlear ya fito da SCAN, mai sauraron wuri ya yanke cewa nan shiru ne, nan magana cikin ƙara ce, nan iska, nan kiɗa, sauran kamfanonin ma suna da irin nasu. Suna aiki, ban raina su ba. Amma iyakar saninsu shi ne wannan muryar mutum ce. Ba su san muryar wa ke da daraja ba. Ba su san cewa a gidajenmu uwa daga madafi take ƙwala kira, ɗa ya juya mata baya yana wasa, kuma rashin amsawa laifi ne.

Muka mayar mata da shirin da ke ɗauka daga kowane ɓangare, muka kuma haɗa da ƙaramin makirufo na nesa da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, yana aika muryarsa kai tsaye ba waya. Dalilin a fili yake: duk lokacin da tazarar da ke tsakanin mai magana da mai sauraro ta ninka, ƙarfin murya yakan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali masana suna so muryar malami ta fi hayaniyar aji da desibel 15 ga yaro mai matsalar ji. Ajin da ke da rufin kwano da fanka da yara talatin ba zai ba ka wannan ba ko malam zai fasa maƙogwaro. Da farko malamin ya ƙi, yana zaton ɗaukar muryarsa za a yi a kai wani wuri. Sai da mahaifinta ya je da kansa bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa masa abin a hannu ya jujjuya, sannan ya yarda. Wannan ɓangaren aikin babu shi a littafin kamfani ko ɗaya. Tsadar makirufon ma wani zance ne, ba kowane gida ne da ya sha wahalar kuɗin tiyata zai iya ƙara shi ba, wani lokaci iyakar abin da nake iya yi shi ne in roƙi a canza wa yaro wurin zama.

Kuskurena na ƙara mata sauti shi ma yana da tushe. Akwai maɓalli biyu da mutane ke rikitawa, ni ma na daɗe ina yi. Ɗaya ƙarfin sauti, wato yadda abin da aka riga aka kamo zai bugi jijiya. Ɗayan kaifin makirufo, wato faɗin komar da aka jefa: in ka ɗaga shi, yana kamo raɗa da sautin nesa, in ka sauke shi, sai na kusa mai ƙarfi kawai. Wani tela mai shago a bakin kasuwa, wanda ya kurumce da girmansa, kullum roƙonsa ɗaya ne: "Malam, ƙara mini murya." Ba murya yake buƙata ba. Janareton maƙwabcinsa ne ya cika masa komar. Da muka ɗan sauke kaifin, muka kunna tsarin rage ƙara, sai ga shi yana jin mai kawo ɗinki yana faɗin awo.

Irin wannan tsarin, ClearVoice ko SNR-NR ko wani sunan, gwani ne a kan ƙarar da ba ta canzawa: janareto, fanka, injin niƙa, gurnanin mota. Yana gane su don ba sa hawa da sauka kamar magana. A gidan biki kuwa, inda hayaniyar ita kanta maganar mutane ce, sai ya rasa wa zai kama. In kuma ka matsa shi da yawa, yakan haɗa da raunanan baƙaƙe ya share, sai "sa" da "sha" da "tsa" su fara kama da juna. Mu da harshenmu ke da karin sauti asararmu ta fi yawa, don dama na'urar ba ta da ƙarfi wajen isar da hawa da saukar murya. Kukan yaro da kukar miya a rubuce "kuka" ne, karin ne ya raba su. Shi ya sa na daina gamsuwa da sautuka shida na gwajin ji da masani Daniel Ling ya tsara kaɗai, wato a, u, i, m, sh, s, duk da amfaninsu. Ina ƙarawa da kalmomin Hausa, in rufe bakina da takarda, in sa a maimaita.

Telan ya koya mini wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ya ce shirin da ke danne baya yana yi masa daɗi a shago, amma ranar da ya manta ya fita titi da shi, saura ƙiris a-daidaita-sahu ta kwashe shi, bai ji tahowarta ba. Yanzu shiri biyu gare shi, ya sa musu suna da kansa, "na ciniki" da "na hanya".

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa ba shi da alaƙa da kwamfuta. Na taɓa shafe sa'a guda ina murɗa saitin wata matashiya da ta ce sauti ya dusashe, ina ɗaga wannan ina sauke wancan, kafin malamina ya miƙa hannu ya ɓalle murfin makirufon. Ƙurar hunturu da man kitso sun yi masa laka. Ana shawartar a canza murfin duk bayan wata uku, amma wannan lissafin na ƙasashen da hazo ba ya rufe rana ne. Tun daga nan, kafin in taɓa linzamin kwamfuta sai na saurari makirufon da kunnena. Ga mata kuma nakan tambayi irin hijabin da suke sawa, don wani yadin in yana gogar makirufo, ƙarar da yake yi a ciki kamar ana yaga takarda ne, kuma babu saitin da ya fi canza yadin ko gyara ɗaurin sauƙi.

Takardar da nake cikewa yanzu, layinta na farko ba lamba ba ne. Ina kake wuni? Wa ka fi son ka ji? A ina yake zama? Na kuma shigo da tsohuwar fanka ɗakin gwajin, da ƙarar kasuwa da na ɗauka a wayata, abokan aiki suna ta yi mini dariya wai na ɓata musu ɗakin da aka kashe wa kuɗi.

Yarinyar ta dawo bayan wata huɗu, ta ƙara izu ɗaya. Mahaifiyar tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi ta ce saura matsala ɗaya. Wai rannan malam ya fita bakin ƙofa amsa waya, ya manta makirufon na wuyansa, yarinya ta dawo gida ta zayyana wa babanta kaf yadda aka yi cinikin ragon layyar malam, har da nawa aka rage masa.